Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga daraktocin Kannywood: mintunan farko na fim ba na gaisuwa ba ne

Zuwa ga daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto da editocin Kannywood,
ta hannun shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya finafinai.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki.

Ni ɗan kallo ne kawai. Hannun jarina a wannan sana'a bai wuce datar da nake saya da idon da nake zuba muku ba. Da wannan ɗan haƙƙin nake rubuto muku kan abu ɗaya tak: yadda kuke buɗe finafinan da kuke tallata mana a matsayin masu sa zullumi, wato na kisan kai, garkuwa da mutane, makircin gado da binciken 'yan sanda. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ga yadda akasarinsu ke farawa, kun kuma san ban yi muku ƙage ba. Diron zai tashi ya nuna mana Dala ko gadar Ƙofar Nasarawa daga sama. Sai tallar maganin basir, sai tallar shadda da atamfa, sai jerin sunaye har da na godiya ta musamman. Daga nan wata jibgegiyar mota ta tsaya a ƙofar gida ta danna hon, maigadi ya fito da gudu yana gyara hula, mu zuba ido har ya gama wangale get, direba ya gyara fakin, Alhaji ya fito ya shiga falo, Hajiya ta ce sannu da zuwa, ya ce yauwa, ya gida, ya yara. Fiyano kuwa na ta kuka a ƙarƙashi tun daga hoton farko. An ci minti 7 ko 8 babu wanda ke cikin haɗari, babu kuma wata tambaya da aka dasa wa mai kallo a zuciya.

A zamanin kaset da faifan CD ana iya yin haka a kwana lafiya, domin wanda ya je Ƙofar Wambai ya biya kuɗinsa ya riga ya shiga hannu, dole ya zauna ya ci kuɗinsa. Yau a waya ake kallonku, data na zurarewa, babban yatsa na kan gilashi yana jiran dalili. Duk mai tasha a YouTube yana da shafin da ke zana masa daidai inda 'yan kallo suka fara zamewa. Ku buɗe naku ku duba inda layin ya fara gangarowa. Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa yau kyamarorinku sun canza, hoto ya fito tas, amma buɗe fim yana nan kusan yadda aka bar shi.

Asalin matsalar, a ganina, da yawanku kun ɗauka ɓoye wa mai kallo abu shi ne sa masa zullumi. Alfred Hitchcock, baturen Ingila da ya ƙarar da rayuwarsa a kan irin wannan fim, ya warware zancen a doguwar hirar da daraktan Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962. Misalin da ya bayar shi ne na mutum biyu suna hira a tebur, ba zato ba tsammani bam ya tashi a ƙarƙashinsu. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan an wuce wurin. Amma in ya ga lokacin da aka ajiye bam ɗin, ya san ƙarfe nawa zai tashi, ga kuma agogo a bango yana tafiya, to wannan hirar banzar da suke yi za ta riƙe shi minti 15 cur, yana ji kamar ya ƙwala musu kira su tashi. Sharaɗin dai mai kallo ya riga mutanen cikin fim sani.

Kakanninmu mata sun san haka ba tare da sun taɓa shiga silima ba. A tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba, tun da wuri ake gaya wa yara cewa santalelen saurayin da ya zo dodo ne ya yi aron jiki. Abin da ke hana yaran gyangyaɗi shi ne sun sani ita ba ta sani ba, ga ta tana rawar kai, an ɗaura aure, an kama hanyar daji. Da tsohuwa ta riƙe asirin sai ƙarshe, da rabin yaran sun yi barci a kan tabarma kafin a zo wurin.

Akwai fim ɗin da ya ɗauki wannan darasi ya zuba shi gaba ɗaya a buɗewarsa, shi ne Touch of Evil na Orson Welles, 1958. Abin da ido ya fara gani hannu ne yana murɗa agogon bam. Mai shi ya ruga ya jefa shi a but ɗin wata mota, wani attajiri da budurwarsa suka shiga suka tayar. Daga nan kyamara ba ta yanke ba har sama da minti 3: tana bin motar cikin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka, motar ta tsaya ɗan sandan hanya ya ba masu tafiya a ƙasa hannu, ta wuce, ta sake tsayawa. Jarumin fim ɗin da amaryarsa suna tafe a ƙasa, wani lokaci motar ta wuce su, wani lokaci su cim mata, har suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita a shingen jami'an kan iyaka. Budurwar cikin motar ma ta yi ƙorafin tana jin wani ƙas-ƙas a kanta, ba wanda ya kula ta. Rashin yankewar nan shi ne makamin: tunda ba a yanke ba, mai kallo ya san lokacin da ke tafiya a fim shi ne lokacin da ke tafiya a agogon bam, ba inda za a tsallake da shi.

Ga abin da ya shafe ku kai tsaye a labarin. Kamfanin Universal da ya ba da kuɗin fim ɗin ya ɗora sunayen ma'aikata da kiɗa a kan wannan ɗauka. Welles ya rubuta musu takardar ƙorafi mai shafi 58 kan sauye-sauyen da suka yi wa fim ɗin. Sai a 1998, shekara 13 bayan rasuwarsa, edita Walter Murch ya sake haɗa fim ɗin bisa wannan takarda, ya kwashe sunayen daga buɗewar, ya bar ƙarar titi da kiɗan da ke fitowa daga shaguna da rediyon motar. Idan manyan Hollywood sun ɓata wannan wuri da rubutu har sai da aka shekara 40 kafin a gyara, ku ma ku yi tunanin abin da lambar wayar mai maganin basir ke yi wa naku tana yawo a ƙasan hoto. Na san talla ce ke biyan kuɗin lokeshan, ban ce ku kore ta ba. Ku jinkirta ta zuwa bayan fitowar farko, lokacin da kuka riga kuka kama mu. Mai tallar ma ya fi cin riba in akwai sauran masu kallo sa'ad da tasa ta zo.

Za ku ce Welles na da ƙugiyar ɗaga kyamara da titin da aka rufe masa. Gaskiya ne. To bari in kawo wanda ya fi kusa da aljihunku, kuma ya fi kusa da dokokin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda tun kafa ta a 2001 kuke kukan ta ɗaure muku hannu. Fim ne na Jamus mai suna M, na Fritz Lang, 1931, fim ɗinsa na farko mai sauti. Labarin mai kashe ƙananan yara ne a birnin Balin, amma a buɗewarsa babu ɗigon jini ko ɗaya.

Yara ne a tsakar gida sun yi da'ira suna waƙar wasa, waƙar kuwa ta wani mutum ce mai baƙaƙen kaya da zai zo ya sassara su. Wata mata ɗauke da kwandon wanki ta daka musu tsawa daga bene su bar wannan mugunyar waƙa. Maƙwabciyarta, uwar wata yarinya Elsie, ta ce a ƙyale su, ai muddin ana jin muryarsu an san suna nan. Da wannan jimla ɗaya Lang ya koya wa mai kallo cewa a fim ɗin nan shiru shi ne abin tsoro. Agogo ya buga 12, uwa ta ɗanɗana miya, ta jera faranti da cokali. A can an tashi daga makaranta, Elsie na tafe tana buga ƙwallonta, ta tsaya tana jefa ta jikin wata sanarwa da aka manna, mai alkawarin ladan mak 10,000, kuɗin Jamus na lokacin, ga wanda ya tona mai kisan. Sai inuwar mutum mai malafa ta faɗo a kan rubutun. Ba mu ga fuskarsa ba, murya kawai muka ji tana yaba ƙwallon, tana tambayar yarinya sunanta. Ya saya mata balan-balan a wurin wani makaho, yana fito da baki, kyamara na bayansa.

Daga nan Lang ya koma wurin uwa ya zauna. Ta ji takun ƙafa a matakala, ta buɗe, yaran maƙwabta ne. Aka buga ƙararrawar ƙofa, ta yi sauri, mai kawo mujalla ne. Agogo ya wuce ƙarfe 1. Ta leƙa ta ƙwala kiran sunan 'yarta, kyamara ta nuna matakala wayam, ɗakin shanya wayam, kujerar yarinya da farantinta ba kowa, muryar uwa na ƙara nisa. Sai ƙwallo ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya, balan-balan ta maƙale a wayar tangarahu, iska ta ɗauke ta. An yi kisan, kowa ya gane, ba wanda ya gani. Wace hukuma ce za ta yanke wannan? Me kuma aka kashe a kai banda faranti, ƙwallo, agogo da matakala? Fiton nan ma ba ado ba ne, domin da shi makahon ya gane mutumin daga baya. Abin da aka shuka a mintunan farko an girbe shi a tsakiyar fim.

Ku lura kuma, a fim ɗin gaba ɗaya babu kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin hoto. Nan ne nake da babban ƙorafi a kanku. Fiyanonku ba ya hutawa. Mugu ya shigo, "dum, dum, dum". Jaruma ta sunkuyar da kai, sarewar tausayi. Kiɗan na gaya mana abin da za mu ji kafin mu gani, kuma tunda ba ya tsayawa, kunne ya daina jin sa tun a minti na 3. Sergio Leone na Italiya yana da Ennio Morricone a hannu, gwanin masu kiɗan fim na zamaninsa, amma a buɗewar Once Upon a Time in the West, 1968, ya ajiye kiɗa gefe. Mutum uku na jiran jirgin ƙasa a wata tasha ta daji, sama da minti 10, abin da ake ji kawai kukan injin iska mai tsatsa, ruwa na ɗiga a kan malafar ɗaya, ƙuda na damun ɗaya, na ukun na lanƙwasa yatsu suna ƙara. Da jirgin ya iso da kururuwarsa sai ka ji ta har cikin ƙashi, saboda an daɗe ana horar da kunnenka da ƙananan sauti.

Kano ba ta rasa irin waɗannan. Fanka mai ƙara da ke raguwa a hankali in an ɗauke wuta. Janaretan maƙwabci da ya mutu farat ɗaya tsakar dare, unguwa ta yi tsit har kana jin karnuka daga nesa. Sakata. Silifas a kan siminti da ya tsaya daidai bakin ƙofa bai yi sallama ba. A gidan Bahaushe, takun da ba sallama a bayansa ya isa ya tsayar da numfashi. Amma duk wannan sai an ɗauke shi da makirufo mai kyau, an kuma biya mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan. Kuɗin hayar diron na yini ɗaya da an ba mai ɗaukar sauti, da fim ɗin ya fi tsorata mu.

Maganar rashin kuɗi kuwa, Steven Spielberg ma a Jaws, 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roban da aka ƙera masa yawan lalacewa yake yi a ruwan gishiri. Dole ta sa ya rage nuna shi, ya koma nuna abin da kifin ke gani daga ƙasan ruwa, da sauti biyu na mai kiɗan fim ɗin, John Williams, suna maimaituwa. Yarinyar da aka kashe a buɗewar fim ɗin ba wanda ya ga abin da ya ja ta.

Bari in gwada da abin da ke cikin finafinanku kusan kullum: kishiya ta zuba guba a abinci. Yadda aka saba, za ta tsaya a kicin ta kalli sama ta yi wa kanta jawabi, "yau sai na ga bayanki, wallahi sai kin bar gidan nan", ta yi dariyar mugunta, fiyano ya buga, a yanke, uwargida ta ci, ta riƙe ciki, ta faɗi. Minti 2 an gama, ba wanda gabansa ya faɗi.

A ce da azumi ne. Hoton farko hannu ne kawai, da lalle da zobe, yana kwance ƙullin leda a kan kofi ɗaya cikin kofuna huɗu na kunun tsamiya. Kofin yana da alama, bakinsa ya ɗan ɓalle. Ba magana, ba kiɗa, sai cokali na kaɗawa da ƙosai na soyuwa a waje. An jera kofuna a kan tabarma a tsakar gida, mai ɓallin a gaban uwargida. Yanzu mai kallo ya san kofin, ya kuma san lokacin, domin duk wanda ya taɓa azumi ya san ba mai kai komai baki sai an kira magariba. Kun sami agogon Hitchcock ba ku saye shi ba. Sai ku ja lokacin. Maigida na duba waya yana cewa saura minti 4. Uwargida ta tashi ɗauko dabino. Ɗan amarya mai shekara 6, wanda yau ya fara kai azumi, ya zo ya zauna a gurbinta, ya jawo kofin gabansa yana shinshinawa, kowa na yi masa dariya ana cewa ya yi ƙoƙari, a bar masa. Sai yanzu za ku nuna mana fuskar mai zoben. Ba ta iya cewa komai ba tare da ta tona kanta ba. Daga masallacin unguwa a ji ladan ya hura makirufo sau biyu. A nan za ku yanke, ku sa sunan fim, ku sa tallarku. Ba mai tafiya.

Abin da wannan ke bukata tsakar gida ɗaya ne da 'yan wasa biyar. Sauran aikin na mai ɗaukar hoto ne da edita. Kofin ya kasance a cikin hoto ko da ana nuna masu hira, a gaba-gaba, su suna baya. Yankan ya fara da dogayen ɗauka, yana gajarcewa yayin da lokaci ke ƙaratowa: kofi, fuska, hannun yaro, lasifikar masallaci. Hoton kusa kuma a yi tattalinsa. In tun daga gaisuwa kuna cika mana allo da fuskoki, to ranar da kuke bukatar mu ga zufa a goshin amarya ba abin da ya rage muku.

Jarumar kuma ba ta bukatar zaro ido ko cizon yatsa. Lev Kuleshov na Rasha ya gwada wannan shekara 100 da suka wuce: ya ɗauki fuskar ɗan wasa ɗaya wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya haɗa ta da akwatin gawa, ya haɗa ta da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Ku nuna hannun yaro a kan kofi, ku nuna fuskar uwarsa a daskare, mu za mu ƙarasa sauran da kanmu. Jawabin da 'yan wasanku ke yi wa kansu a fili gadon wasan rediyo ne da na daɓe, inda ba kyamarar da za ta matso. Ku kuna da ita.

Sai abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: ku bar mana "ashe mafarki ne". An buɗe da gudu a daji, an ɗaga wuƙa, jaruma ta farka tana salati, miji ya ce lafiya, ta ce mafarki na yi. Wannan cin amana ne. Mai kallo ya ba ku fargabarsa kun mayar masa da ita ba komai a ciki, karo na biyu ba zai bayar ba. Haka ma ɗauko fitowa mafi zafi daga tsakiyar fim a manna a gaba, a rubuta "wata uku da suka wuce", sannan a koma ga maigadi da get. Ana yin haka a ko'ina a duniya, wani lokaci yana aiki, amma galibi shaida ce cewa marubuci ya san farkon labarinsa ba shi da ƙarfi, ya ƙi gyarawa. A finafinai masu dogon zango abin ya fi muni, domin a can kowane mako sai kun sake kama mu, kuma maimaicin abin da ya faru a makon jiya yakan cinye wurin da ya kamata sabon zullumi ya tsaya.

Ga shugabannin ƙungiya, bukatata ƙarama ce. A tarukan bita da kuke shirya wa 'ya'yanku, ku ware zama ɗaya na buɗe fim kawai. A kalli mintuna 10 na farkon M sau biyu, na biyun a rufe hoto a saurari sauti zalla. Sannan a raba matasa rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni waya ɗaya, tsakar gida ɗaya da yini ɗaya, su kawo buɗewa ta minti 3 wadda ba kiɗa a cikinta, ba jini, ba wanda ya yi wa kansa magana. A kira editoci da masu sauti su zauna a sahun gaba tare da daraktoci, domin rabin wannan aiki a kwamfutarsu ake yin sa, kuma su ne aka fi mantawa da su in ana rabon kuɗi. Wanda ya fi, a ɗora a tashar ƙungiya mu 'yan kallo mu yi hukunci.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a.

Wassalam.

Naku,
wani ɗan kallo daga Kano.